Hancin da Wuƙa Ta Rage, da Tarihin Masu Mayar da Shi

A cikin dukan gaɓoɓin da Allah Maɗaukakin Sarki ya jera a fuskar ɗan Adam, babu wadda sarakuna da masu ɗaukar fansa suka fi kai wa wuƙa tun zamanin da kamar hanci, domin shi ne ya fi fitowa sarari, kuma wanda aka yanke wa shi ba ya mutuwa, sai dai ya rayu da tambarin wulaƙanci a inda kowa ke fara kai ido. Wannan ne ya sa gyaran hanci ya zama ɗaya daga cikin ayyuka mafi daɗewa a ilmin fiɗa. Abin da ya ja hankalina ga tarihinsa kuwa wata mas'ala ce ta wannan zamani, watau halin mutanen da suka kai kansu wurin likita da ƙafarsu, aka rage musu faɗin ƙofofin hanci domin neman kyau, sa'an nan da kumburi ya saɓe suka ga fuskar da ke cikin madubi ba tasu ba ce, ko suka ji iska ta daina wucewa yadda ta saba, har suka koma suna bin likitoci suna roƙon a mayar da su yadda aka halicce su. Wanda ya bi sawun wannan sana'a tun daga tushe zai tarar ta shafe kusan shekara 2,000 tana koyon yadda ake ƙara wa hanci abin da ya rasa, ta zo ta koyi ragewa cikin 'yan shekaru kaɗan a ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau duk wanda ragin ya cuta, babu inda ake komawa da shi sai ga tsohon ilmin nan na ƙari, mai wuya, mai jinkiri, wanda aka gina saboda waɗanda takobi da cuta suka naƙasa.

A Misira ta Fir'aunoni, dokar da sarki Horemheb ya sa aka sassaƙa a dutse wajen shekara 1,300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ta hukunta ma'aikatan da ke ƙwace dukiyar talakawa da yanke hanci da kora zuwa wani gari na kan iyaka. A Rum ta Gabas kuma an yanke hancin sarki Justiniyan na biyu a shekarar 695 domin kada ya sake hawa gadon sarauta, ko da yake ya dawo ya hau bayan shekara 10. Shari'ar Musulunci kuwa ta hana yi wa jikin mutum irin wannan aika-aika, ta kuma sanya wa hanci wata daraja da ya kamata mai karatu ya tsaya a kanta. Alƙur'ani mai girma ya ambace shi da sunansa a ayar kisasi ta Suratul Ma'ida, kuma wasiƙar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ta sanya raƙuma 100 ga hancin da aka yanke gaba ɗaya, daidai da diyyar rai sukutum. Duk ɗalibin da ya sauke Risala a zaure ya bi ta kan wannan hukunci. Fukaha'u ba su tsaya nan ba, sai da suka bi sashen nan mai taushi na ƙarshen hanci suka ƙididdige shi: Malikawa suka ce abin da aka yanke daga gare shi a auna a biya gwargwadonsa, Shafi'awa da Hambalawa kuwa suka kasa shi uku, gefen dama sulusi, gefen hagu sulusi, shamakin da ke tsakani sulusi. Ashe ke nan ɗan naman nan da ya kewaye ƙofar hanci guda, wanda a yau ake yanke wani abu daga gare shi cikin ƙasa da sa'a ɗaya, magabata sun yi masa kimar raƙuma fiye da 33.

Akwai kuma hadisin Arfaja ɗan As'adu, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. An sare masa hanci a yaƙin Kulabu tun zamanin jahiliyya, ya sa aka ƙera masa na azurfa, azurfar ta yi masa wari, sai Manzon Allah ya umurce shi da ya yi na zinariya, alhali kuwa zinariya haramun ce ga maza. Daga wannan riwaya malamai suka ciro halaccin ɗaure haƙori da zinariya, suka kuma ciro wani asali mai faɗi, cewa mayar da gaɓar da ta salwanta magani ne, kuma larura tana halatta abin da son ado bai isa ya halatta ba. Amma hancin ƙarfe, ko da na zinariya ne, rufi ne kawai, jini ba ya gudana cikinsa. Masu neman su mayar da nama da nama, a ƙasar Hindu aka fara samun su.

Littafin ɗibbu da ake jingina wa tabibi Sushruta, wanda ake dangantawa da birnin Banaras a bakin kogin Ganga, ya bayyana aikin daki-daki, da irin natsuwar wanda hannunsa ya saba. Tabibi zai tsinko ganye ya gwada shi a gurbin hancin da aka yanke, ya ɗora ganyen a kunci ya yanki fata daidai girmansa, amma ya bar gefe guda manne da fuska domin jini ya ci gaba da shayar da ita. Sa'an nan ya kankare bakin tsohon raunin har ya yi jini, ya juyo fatar ya ɗinke, ya zura kara biyu masu rami, irin na zurma, a inda ƙofofin za su kasance, ya barbaɗa garin magani, ya rufe da auduga, ya riƙa jiƙa ta da man riɗi. Karan nan biyu su ne abin lura, domin sun nuna tun a wancan zamani an gane cewa tabo yana tsukewa sa'ad da yake warkewa, kuma ƙofar da ba a tokare ba rufewa za ta yi. Littafin har ya yi wasiyya cewa in hancin ya warke ya gaza, a yi ƙoƙarin ƙara masa tsawo, in ya yi yawa a rage, watau dai tun farko masu sana'ar sun san aiki ɗaya ba safai yake isa ba. A zamanin Abbasiyawa, sa'ad da Barmakawa ke riƙe da wazirci a Bagadaza suna gayyato tabibai daga Hindu, an juya wannan littafi zuwa Larabci, Ibnun Nadim kuma ya lissafa shi cikin Fihrisarsa.

A ƙarni na 15 sai ga sana'ar ta ɓullo a tsibirin Sikiliya, a hannun wani gida da ake kira Branca a birnin Kataniya, inda uban ke yankar fata daga fuska, ɗansa Antonio kuwa, da ya ga ana gyara wuri ana ɓata maƙwabcinsa, ya koma yankowa daga damtse. Irin waɗannan gidaje sun riƙe ilmin a matsayin sirrin gado, har sai da Gaspare Tagliacozzi, shaihin malami a jami'ar Bolonya, ya rubuta shi a littafi mai zane-zane, aka buga a Benis a 1597. Zanen da ya fi shahara yana nuna majiyyaci a zaune, an ɗaga hannunsa an ɗora tafin a bisa kansa, an ɗaure da ɗamara da igiyoyi, damtsen na haɗe da fuska ta wani zirin fata. Haka zai zauna wajen mako 3, babu maganin sa barci, babu na kashe zafi, kafin a raba fatar da hannu, sa'an nan a shiga sassaƙa ƙofofi, waɗanda su ma sai an tokare su da 'yan bututu na dogon lokaci. Tagliacozzi ya rasu a 1599, aikin kuma ya dushe bayansa har wajen shekara 200.

Abin da ya farfaɗo da shi a Turai labari ne da ya zo daga Indiya. A yaƙin da Ingilishi suka yi da Tipu Sultan na Maisur, a 1792 mutanen Tipu suka kama wani mai suna Cowasjee, mai kora shanun kaya a rundunar Ingilishi, suka yanke masa hanci da hannu ɗaya. Ya shekara a haka, sa'an nan wani mutum daga zuriyar masu aikin yumɓu, kusa da garin Puna, ya yi masa sabon hanci. Dabarar masu wannan aiki ita ce su mulmula kakin zuma a kan kututturen hanci har ya ɗauki siffa, su baje shi a goshi su zana kewayensa, su yanki fatar goshin su bar ɗan ziri tsakanin idanu, su murɗo ta ƙasa su dasa, su cusa naɗaɗɗen ƙyalle a ƙofofi, sai bayan kwana 25 ko kusa da haka su datse zirin. Mujallar Gentleman's Magazine ta Landan ta buga labarin tare da hoton mutumin a watan Oktoba na 1794. Wani likitan fiɗa, Joseph Carpue, ya daɗe yana nazarinsa yana gwadawa a kan gawawwaki, sai a 1814 ya yi wa wani hafsan soja, ya kuma buga bayani a 1816. Daga nan Jamusawa suka karɓa, von Graefe da littafinsa na 1818, sai Dieffenbach a Barlin bayansa. Waɗanda suke yi wa aiki galibi sojoji ne, da waɗanda tunjere ya rusa wa karan hanci, da waɗanda gyambo ya cinye wa fuska. Fatar goshi har gobe ita ce madogarar mai sake gina hanci, kuma wannan reshe na sana'ar bai yi nisa da mu ba, tun da akwai asibiti a Sakkwato da aka buɗe a 1999 musamman domin yaran da cutar nan da ake kira noma ta ci wa baki da hanci.

Duk tsawon wannan zamani da wuya a sami mai lafiyar da zai miƙa fuskarsa ga wuƙa domin ado, saboda azabar aikin da tsoron ruɓewar rauni sun ishi kowa hani. Abubuwa uku suka kawar da wannan shinge cikin shekara 40: maganin sa barci da aka nuna a Boston a 1846, da hanyar tsabtace rauni da Lister ya bayyana a 1867, da hodar koken da Koller ya gano a 1884 cewa tana kashe zafi a wurin da aka sa ta kaɗai. Shekara 3 bayan wannan na ƙarshe, John Orlando Roe, likitan hanci da maƙogwaro a garin Rochester na Amurka, ya ba da bayanin yadda ya rage kan hancin mutane lafiyayyu ta cikin ƙofofi, ba tare da barin tabo a waje ba.

Amma yankan da ya shafi zancenmu na Robert Weir ne, likitan fiɗa na birnin Niyu Yok, wanda ya buga maƙalarsa a 1892. Asalin maƙalar kan ɗaga hancin da ya lotsa ne, har ya ba da labarin yadda ya dasa wa wani ƙashin ƙirjin agwagwa, jiki ya ƙi karɓa bayan 'yan makonni. A cikinta ne kuma ya kawo labarin wani mutum da hancinsa ba shi da wata cuta, girmansa ne kawai ya hana shi sakat. Aka rage masa, bai gamsu ba, ya dawo ba sau ɗaya ba, kuma cikin gyare-gyaren da Weir ya yi masa har da bin lanƙwasar da gefen hanci ya haɗu da kunci, a yanke ɗan tsinin nama daga can, a ja bakin raunin a ɗinke, ƙofa ta tsuke. Har yau likitoci suna kiran wannan yanka da sunan Weir. Abin da ya fi taɓa ni a wannan tarihi shi ne, a takarda guda aka haifi aikin rage ƙofar hanci da labarin mutumin da aikin bai kwantar wa hankali ba, kuma Weir da kansa ya fahimci cewa akwai damuwar da ta zauna a zuciya, wadda wuƙa ba za ta kai gare ta ba. Waɗanda suka gaji dabararsa sun riƙe yankan da kyau, gargaɗin kuwa da yawa sun bar shi a shafin da aka rubuta shi.

Wanda ya mayar da ragi ilmi mai tsari shi ne Jacques Joseph na Barlin, ɗan wani malamin Yahudawa, wanda maigidansa a asibiti ya sallame shi a 1896 saboda ya gyara wa wani yaro kunnuwa masu fiƙewa, aikin da a lokacin ake ganin bai dace da martabar likita ba. A 1898 ya gabatar wa ƙungiyar likitocin Barlin da wani saurayi da ya rage wa hanci, yana mai kafa hujja da cewa baƙin cikin da ya hana mutum shiga jama'a shi ma ciwo ne da ya cancanci magani. Ba na ƙaryata shi a wannan, domin duk wanda ya ga yadda tsokanar yara ke bin mutum har furfura ya san ciwon gaskiya ne. Joseph ya ƙera kayan aiki, ya gyara yankan Weir ta hanyar ɗebe naman daga daɓen ƙofar ta ciki, ya tattara kome a babban littafinsa na 1931, kuma ta hannun almajiransa irin su Gustave Aufricht ilmin ya ƙetara zuwa Amurka ya bazu a duniya.

Sai dai duk mai ragewa yana bukatar ma'auni, kuma ma'aunin da aka ɗauka nan ne cutar ta shigo. Masu zane na Turai tun zamanin Leonardo da Dürer sun kasa fuska kashi-kashi, daga gare su kuma likitoci suka gaji ƙa'idar cewa faɗin gindin hanci ya kamata ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin kusurwoyin idanu na ciki. A ƙarni na 19 kuma masu auna ƙoƙon kai irin su Paul Broca na Faransa suka jera al'ummai bisa faɗin hanci, wasu kuma suka mayar da jerin matakalar daraja, siriri a sama, faffaɗa a ƙasa. Alhali kuwa tun a 1923 Thomson da Buxton na Okisfod sun nuna cewa faɗin hanci yana bin yanayin ƙasa, mutanen wurare masu zafi da laima sun fi faɗin ƙofa, na wurare masu sanyi da bushewa sun fi tsukewa, domin aikin hanci ne ya ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta isa huhu. Hikimar halitta ce, babu fifiko a ciki. Da Leslie Farkas na Toronto ya zo a wajen 1985 ya ɗauki ma'auni ya auna fuskokin mutane masu rai, sai ya tarar ko a cikin fararen Amurka waɗanda ƙa'idar ta dace da su ba su kai rabi ba, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna a cikin baƙar fata kaɗan ne ƙwarai. Shekaru masu yawa ke nan ana yanke hancin 'yan asalin Afirka da Asiya domin a kai shi wani adadi da aka aro daga zane. Mu ma kada mu wanke kanmu sarai, mu da ke yabon budurwa da cewa hancinta har baka. Amma kakanninmu da suka faɗi haka sun kuma ce ido ba mudu ba ne, ya dai san kima, kuma ido mai kima ya san faffaɗan hanci a kan cikakkun leɓɓa da faffaɗan kumatu a gurbinsa yake.

Wanda ya duba gefen hancinsa da kyau zai ga abin da ya sa ɓarnar ke da wuyar gyara. Wannan wuri ba shi da ƙashi, kuma ƙasansa ba shi da guringuntsi. Fata ce mai kauri da maiƙo a waje, fata mai laushi da gashi a ciki, da wani nama mai tauri a tsakani, duka a lanƙwashe cikin wani gewaye da babu irinsa a sauran jiki. Abin da likita ke ɗebewa milimita kaɗan ne, amma milimita ɗaya a nan tana bayyana ga mai kallo daga nesa. In aka zarce, gewayen ya miƙe, gefen hanci ya sauko a tsaye ya manne da leɓe, ƙofar da take mulmulalliya ta koma tsaga mai kusurwa, kan hancin da ba a taɓa ba ya zama kamar ya ƙara girma saboda gindinsa ya tsuke, sau da yawa kuma ƙofa ɗaya ta fi ɗaya. Tabon yakan fito a fili, musamman a baƙar fata, inda yake yin duhu ko ya yi tudu. Mafi tsanani shi ne numfashi, domin ƙofa matsattsiya mai raunin bango tana lotsawa ciki duk sa'ad da aka ja iska da ƙarfi, mutum ya koma kwana da baki buɗe, ya farka da busasshen maƙogwaro. Akwai ma wata jijiyar jini da ke bi milimita 2 ko 3 a bisa lanƙwasar gefen hanci tana shayar da kansa, wadda likitocin Dallas suka ja hankali a kanta a 1995, cewa wanda ya hau sama da yankansa yana iya yanke wa kan hancin abincinsa.

Tela ya san wannan mas'ala: rage faɗin riga aikin ɗan lokaci ne, amma in almakashi ya riga ya ci yadi, babu abin da ya rage sai maho, kuma sai an sami ƙyalle mai launi da saƙa irin na rigar. Naman da aka ɗebe daga hanci an zubar da shi tun ranar aiki, saboda haka mai neman a mayar da shi yadda yake, abin da za a yi masa a haƙiƙa gini ne sabo da kayan aro. Wurin aron kuwa Bajamushe Fritz König ne ya nuna shi a 1902, shekara 10 kacal bayan maƙalar Weir, sa'ad da ya yanko ɗan yanki daga gefen kunne, fata da guringuntsi a haɗe, ya cike giɓin gefen hanci da shi, domin kunne ne kaɗai ke da siririn guringuntsi mai lanƙwasa da fata manne a jikinsa. Yau likita yakan buɗe tsohon tabon, ya saki gindin gefen hanci ya matsar da shi waje, ya auna giɓin da ya buɗe a daɓen ƙofa, ya yanko daidai shi daga tushen kunne ko daga kwarminsa, ya dasa da zare siriri ƙwarai, ɗinki kaɗan, don kada ya shaƙe shi. Wannan ɗan yanki ba shi da jijiya ko ɗaya da ta haɗa shi da jiki. Da farko tsotson ruwan raunin yake yi ta gefunansa, shi ya sa ba a son faɗinsa ya wuce santimita ɗaya ko ɗaya da rabi. Masu jinya sun san launukan da yake bi: ranar farko ya koɗe, sa'an nan ya yi shuɗi-shuɗi har majiyyaci ya tsorata ya ɗauka ya mutu, sai bayan kwanaki, in Allah ya nufa sababbin jijiyoyi suka shiga, jini ya dawo masa. Ana sanyaya wurin, ana hana taba sigari faufau, ana hana taɓawa. Duk da haka wani dashen yakan mutu, wanda ya rayu ma yakan ɗan tsuke, launinsa kuma ba lalle ya saje da maƙwabtansa ba.

Sauran dabarun ma daga asibitocin naƙasassu aka kwaso su. Harold Gillies, wanda ya buɗe asibitin gyaran fuska a Sidcup ta Ingila a 1917, inda aka yi wa sojojin Yaƙin Duniya na Farko fiye da 5,000 aiki, ya bar wa almajiransa ƙa'idodi da suka fi dacewa da wannan mas'ala fiye da kowace: a maye gurbin abu da irinsa, kada a zubar da nama mai rai sai an tabbata ba a bukatarsa, kuma aikin da jinkiri zai amfane shi kada a gaggauta shi. Bisa wannan ne ake sa mai nadama ya jira wajen shekara guda kafin a sake taɓa shi, har tabo ya yi laushi kumburi ya gama saɓewa, kuma wasu a cikin wannan jira suke ganin abin ya yi sauƙi su haƙura. In giɓin kaɗan ne, ana yanka tabon a karkace a sauya wa ɓangarorinsa wuri domin ya saki, ko a turo fata daga gefen kunci zuwa daɓen ƙofa. In bango ne ya raunana, a yanko guringuntsi daga shamakin hanci ko kunne ko haƙarƙari a tokare shi. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, majiyyaci zai riƙa kwana da 'yan bututun roba a ƙofofin hancinsa na tsawon watanni, aikin da karan zurma ke yi a Banaras. Jack Sheen na Kaliforniya, wanda littafinsa na 1978 ya koya wa likitoci da yawa gyaran hancin da aka riga aka yi wa aiki, mafi yawan abin da ya koyar mayar da abin da na farko ya ɗebe ne.

Malaman fiƙihu na zamani sun dubi wannan babi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 18 a Putrajaya ta Maleshiya a 2007, ta halatta fiɗar da ake nufin mayar da gaɓa ga aikinta, ko gyara aibin da aka haifi mutum da shi, ko wanda ƙuna da haɗari da cuta suka jawo, ta kuma hana wadda ake yi domin canja halitta lafiyayya saboda bin son zuciya ko kwaikwayon wasu, ta ambaci canja siffar hanci cikin misalanta. A fahimtata, wanda aka riga aka rage wa ƙofa har numfashinsa ya ƙuntata ko fuskarsa ta naƙasa, ko da shi ya kai kansa tun farko, ya shiga sahun masu larura, kuma ba daidai ba ne 'yan'uwa su tare shi da gori a lokacin da yake bukatar mai raka shi asibiti. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah sukan ce abin da ya fi yi musu zafi shi ne sun daina ganin kamannin uwa ko uba a fuskarsu, wannan kuwa rashi ne da ya cancanci tausayi.

Ita kanta sana'ar ta ɗan dawo cikin hayyacinta a shekarun baya-bayan nan. Littattafan da ake koyar da likitoci da su yanzu suna cewa a auna hanci da fuskar mai shi da danginsa, a bar ƙa'idar masu zane, a sa yankan gindin hanci ya zama na ƙarshe a cikin aiki bayan an ga yadda sauran ya zauna, a bar ɗan gefe daga daɓen ƙofa domin gewayen kada ya karye, kuma in likita yana kokwanto ya rage ƙasa da abin da ya yi niyya. Ƙwararru da yawa ma sukan ƙi taɓa ƙofofin a ranar babban aiki, su ce wa mutum ya je ya yi wata 6 ko shekara yana kallon fuskarsa. In ya dawo har yanzu yana so, aiki ne na ƙasa da sa'a ɗaya da allurar kashe zafi, yana zaune ido biyu, ya koma gida a ranar.